Malam Talha da Kekensa Mai Ƙafa Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, 13 ga Sha'aban 1446, daidai da 12 ga Fabrairu 2025, Allah ya karɓi ran malaminmu, Malam Talha Arzika, a gidansa da ke Uwani a nan Enugu, bayan jinyar kwana tara. Ya rasu yana da shekara sittin da biyu. Ina tsakiyar sauke buhunan albasa a Kasuwar Artisan ɗansa Muhsin ya bugo mini waya. Zama na yi a kan buhu, har sai da maƙwabcina ya dafa ni ya tambayi abin da ya faru.

Malam, ni ne Hashim mai albasa. Na zo gabanka ina da shekara talatin da takwas, ban iya haɗa baƙi ba, kuma ina jin kunyar a sani. Kai ka kafa mana karatun manya a rumfar bayan masallacin kasuwa, kullum bayan Azahar: masu albasa, masu tumatir, mahauta, mu ashirin da wani abu. Ba ka taɓa bari a yi wa wani dariya ba, ko da zai maimaita aya ɗaya sau goma.

A damanar 2018 ne Keke Napep ɗin da ka shiga ya kife a wata gangara, ƙugunka ya karye. Wata bakwai ka yi a kwance. Karatunmu ya watse, kowa ya koma kan tirensa. Da ka miƙe, sanda ce a hannunka, ƙafar dama kuma ba ta lanƙwasuwa yadda ya kamata. In ka zauna a bas cikin matsi, sai an kama ka kafin ka sauko. Likita ya ce in ba a motsa ƙafar ba za ta sandare gaba ɗaya. 'Ya'yanka suka haɗu suka roƙe ka ka koma gida Argungu ka huta. Muhsin ya faɗa mini amsar da ka ba su: “Ban gama da mutanen Artisan ba.”

Daga nan ne maƙwabcinka Wilson ya shigo maganar. Mutumin Zonkwa ne, Kirista, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shekara goma sha takwas katanga ɗaya ce tsakaninku. Yana da wani tsohon baƙin keke a rataye a bayan ɗakinsa. Ya sauko da shi, ya sake masa taya da birki, ya shafa wa sarƙar mai, ya turo maka har ƙofar gida.

Ranar da muka je gaishe ka, ka ce mana ka samu keke, za ka dawo karatu. Duk muka ɗauka mai ƙafa uku kake nufi, don a garin nan shi ake kira keke. Har wani daga cikinmu ya tambaya, “Malam, wa zai riƙa ja maka?”

Ka yi murmushi ka ce, “Mai ƙafa biyu ne, Alhaji. Kuma ni zan ja.”

Rabonka da hawa keke tun kana saurayi kana kai wa mahaifinka abinci gona, shekara talatin da biyar ke nan. Ga ƙugu mai ƙarfe a ciki, ga Enugu da duk inda ka nufa sai ka hau tudu. Ba na ɓoye maka yau, a zuciyata na ce wannan ba mai yiwuwa ba ne.

A filin wata makarantar firamare kuka fara, da safe kafin rana ta yi zafi. Na je sau biyu na gani da idona. Wilson, da furfurarsa, yana riƙe da sirdi yana gudu a bayanka yana cewa, “Malam, daina kallon ƙafarka! Kalli gaba!” Da ya sake ka, sai kan keken ya karkace, ku tafi ƙasa. Makon farko gwiwarka da tafin hannunka duk sun ƙuje. Ƙafar nan ta ƙi zagaya feda, sai ka sa hannu ka danna gwiwar, hawaye na fita don zafi. Matarka, Hajiya Ramlatu, ta yi fushi da Wilson har ta daina aika masa tuwo na kwana uku. 'Yarka Siddiƙa, da take ma'aikaciyar jinya, ta yi magana har ta gaji, daga ƙarshe ta kawo hular kwano ta ajiye a gabanka ta ce, “Baba, tunda ka ƙi ji, to ba ka fita sai da wannan.” Ka karɓa, kuma ba a taɓa ganinka a titi babu ita ba. Hularka ta zanna sai ka ninke ta a aljihu, in ka isa ka mayar.

Wata biyu kana faɗuwa kana tashi kafin ka fito titi.

Ba zan manta ranar da ka fara isowa Artisan ba. Awa ɗaya da rabi ka yi a hanya, domin duk tudun da ka tarar sai ka sauka ka tura. Ka shigo rumfa rigarka sharkaf da gumi, ƙafar wando ɗaure da roba, numfashinka na fita da ƙyar. Mu biyar kawai ka tarar. Muka tashi za mu yi maka sannu, ka ɗaga hannu, ka jingine keken, ka zauna a buzunka ka ce, “Ina muka tsaya?” Kafin mako biyu kowa ya dawo.

Ba wai abin ya zo da sauƙi ba ne bayan nan. Direbobin bas suna matse ka gefen kwalbati, suna leƙowa suna ihu, “Aboki, comot for road!” wato ka kauce musu daga hanya. Ruwan sama ya sha dukanka a hanya. Cikinmu ma akwai masu cewa bai dace da girman malami ba. Wani babban dillalin shanu ya ce zai sa direbansa ya riƙa ɗauko ka yana mayar da kai. Ka yi masa godiya sosai, sannan ka ce, “Alhaji, ranar da direban bai zo ba fa?” Ka ci gaba da abinka. Bayan shekara guda ka ajiye sanda. Tudun da kake turawa ka fara hawansa kana zaune, kana karatu a hankali, tafiyar ta dawo minti arba'in.

Abin da ka yi mini ni kaɗai kuwa, ban san ranar da zan gama faɗinsa ba. A 2022 ne, wata Litinin cikin Litinin ɗin da ake tilasta wa mutanen yankin nan zaman gida, kasuwa a rufe, titi babu ko mota ɗaya, kowa na tsoron leƙa waje. Da safen nan kawuna Abdurrahim, tsohon da ya riƙe ni tun ina maraya, ya cika a ɗakina da ke Abakpa. Mu uku ne a gidan, babu wanda ya taɓa wanke gawa. Waɗanda suka iya na kira su, kowa ya ba ni haƙuri, ban kuma ga laifinsu ba. Na buga maka waya don kawai ka faɗa mini yadda ake yi.

Ka ce, “Ku ɗora ruwa. Ga ni nan.”

Na ce, “Malam, yau Litinin ce.”

Ka ce, “Na sani, Hashim.”

Daga Uwani zuwa Abakpa, kusan ƙarshen gari ne zuwa wani ƙarshen. Sai daga baya, da na matsa maka, ka ba ni labarin samarin da suka tare ka a wata mararraba da sanduna. Suka sa ka sauka, suka kwance ƙunshin da ke ɗaure a bayan keken, suka ga farin yadi. Suka tambayi na mene ne. Ka ce musu, “Person die for Abakpa. I dey go bath am.” Babbansu ya daɗe yana kallonka, sannan ya ɗaure ƙunshin da hannunsa ya ce, “Papa, go well.” Da ka iso, ko ruwa ba ka sha ba ka naɗe hannun riga. Ka wanke Kawu, ka suturta shi, ka yi masa salla. Da yamma, da hanya ta fara buɗewa, muka kai shi makwancinsa.

Bayan wannan rana babu wanda ya sake cewa keke bai dace da malami ba. Yau mu bakwai ne a Artisan da muke zuwa kasuwa a kan keke, duk manya, har da ni da na koya ina da shekara arba'in da shida. Kai ka koya mana mu kama gefenmu, mu nuna hannu kafin mu sha kwana, kada mu yi jayayya da mai babbar mota.

Ba a titi ajalinka ya zo ba, kamar yadda mutane suka yi ta ji maka tsoro. Zazzaɓi ne ya sauka ƙirjinka, a kan gadonka, iyalinka kewaye da kai. Kwana biyu kafin rasuwarka na je duba ka, na tarar ko zama ba ka iya yi. Na gaishe ka zan tashi, ka yi mini alama in biya karatuna. Na fara, na yi kuskure a wani wasali, idonka a rufe ka ɗaga yatsa. Na gyara, ka sauke.

A madadin ɗalibanka na Artisan, ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Ramlatu, da Muhsin, da Siddiƙa da ƙannenta, da 'yan'uwa na Argungu. Ina kuma yi wa Baba Wilson ta'aziyya, wanda ya tsaya a ƙarƙashin bishiya har aka idar da sallar jana'iza yana kuka kamar ƙaninsa ne ya tafi. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Talha. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi da Alƙur'anin da ya koyar. Ka sa kowane tudu da ya hau dominka ya zama nauyi a mizaninsa, ka sada shi da Annabin rahama, ka albarkaci bayansa.

Malam, izu uku suka rage mini in sauke. Mun zauna jiya, mun yanke cewa rumfar nan ba za a rufe ta ba, limamin masallacin kasuwa zai riƙa karɓar karatunmu. In Allah ya ara mini rai, zan sauke kafin azumin baɗi, kuma ladan naka ne.