Hodi da Tayoyi Masu Taushi

Duk wanda ya taɓa fito da amfanin gona daga fadamar Gulma ya san Hodi. Wanda bai san sunansa ba ma ya san farar a-kori-kurarsa mai ƙofar baya ɗaure da igiya. Shekarunsa hamsin da shida, ashirin da biyu daga ciki ya yi su ne yana jigilar shinkafa da albasa zuwa Argungu da Birnin Kebbi. Mahaifinsa masunci ne, amma shi ruwa bai karɓe shi ba, sai ya bi wani kawunsa direba har hannunsa ya faɗa. Mutum uku ya yi wa tuƙi kafin ya mallaki tasa motar. Ba shi da yawan magana, kuma a tasha abu ɗaya aka fi saninsa da shi: ba ya wasa da taya.

Tayoyin da yake sawa su ne masu kauri na ɗaukar kaya, waɗanda ake ɗura wa iska har su yi tauri kamar turmi. Da su yake ratsa kututturen shinkafa da ƙayar hanya, ya ɗora buhu ashirin motar ba ta durƙusa ba. Aibinsu ɗaya ne, kowane direba ya sani: idan babu kaya a baya, tsalle motar take yi, duk tsakuwar da ta taka sai mutum ya ji ta a ƙashin bayansa. Hodi bai taɓa ganin wannan aibi ba ne, tunda buhu ba ya ƙorafi. Tayoyin ƙananan motoci kuwa, masu taushin nan da wasu ke sa wa a-kori-kura don daɗin tafiya, shi takalmin amarya yake kiransu.

Matarsa Laure shinkafa take dafawa ta shanya ta kai inji, sana'arta ke nan tun tana amarya. Da ta fara kukan ciwon baya a farkon damina, kowa ya ɗora laifin a kan ɗaga tukunya. An yi shafe-shafe, an sha jiƙe-jiƙe, abin sai gaba yake yi. A asibitin Argungu aka ce su wuce Birnin Kebbi, a can kuma aka ce ciwon daji ne, ya riga ya shiga ƙashi. Likita ya ce a riƙa kawo ta duk sati biyu. A lokacin ba ta iya zama ko na minti biyar, sai dai kwanciya. Hodi ya wanke bayan motar, ya shimfiɗa katifa, ya kafa rumfar tabarma, 'yarsu Ummi ta baro gidan mijinta ta zo ta zauna kusa da uwarta.

A tafiyar farko Laure ba ta ce uffan ba. Sai da suka isa ana sauke ta Hodi ya lura da bakin mayafinta ya jiƙe ya huje. Ummi ce ta gaya masa a gefe cewa tun daga barin Gulma take cizonsa.

Ya gwada duk dabarar da ya sani. Ya rage gudu har masu babur suna wuce shi suna waiwaye. Ya rage iskar tayoyin, suka yi zafi a kan kwalta kafin rabin hanya. Ya ɗora buhunan yashi biyu don motar ta yi nauyi ta daina tsalle, abin ya ɗan ragu, amma bai kai ba. A sati na biyar ya nufi wurin Maliki, mai faci da sayar da taya a Argungu, wanda suka yi shekara ashirin suna tsokanar juna. Ya tsaya yana duban wasu tayoyi huɗu masu taushi da ke jingine a bango.

Maliki ya ce, "Direba, ido kake wankewa, ko amarya za ka yi?"

Hodi ya ce, "Sa mini su in gani."

Maliki ya buɗe baki zai ci gaba da tsiya, sai idonsa ya faɗa kan katifar da ke bayan motar. Ya fasa, ya je ya ɗauko jak.

Kafin a kwance komai Hodi ya dakatar da shi. Ya ari kwanon shan ruwan Maliki, ya cika shi fal, ya girke shi a bayan motar tsakanin buhunan yashi, ya bi wata hanyar birji mai gargada ya dawo. Ruwan da ya rage bai kai rabi ba. Aka sauya tayoyin, ya sake cika kwanon, ya sake bin hanyar nan da gudu iri ɗaya. Wannan karon abin da ya zube bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba. Ya daɗe yana kallon kwanon.

Maliki bai ɓoye masa komai ba. Ya ce waɗannan ba su da ƙarfin gefe, in ya ɗora musu fiye da rabin abin da ya saba za su yi zafi su fashe, kututturen fadama kuma zai huda su kamar takarda. Ya ba shi shawara ya riƙa zuwa ana sauya masa duk ranar asibiti, sauran kwanaki ya yi aikinsa da masu kauri. Hodi ya ƙi. Sau biyu ciwon ya taɓa tashi ba ranar asibiti ba, aka ɗauke ta ba shiri. Yana son ko yaushe aka ce a tafi, motar ta kasance a shirye. Maliki ya jera masu kaurin a bayan rumfarsa ya rufe su da tsohon buhu.

Tafiyar da ta biyo baya, Laure ta yi barci tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Ummi ta ƙwanƙwasa gilashin baya ta nuna masa. A ranar ne, in ji Ummi, ta fara ganin mahaifinta ya ci abinci ya ƙoshi tun da aka fara jinya.

Sai kaka ta zo. Manoman da suka saba da shi suka yi haƙuri da farko, yana yin sawu biyu a kan kayan sawu ɗaya. Amma shinkafa a masussuka ba ta jiran kowa, ɗaya bayan ɗaya suka koma wa wasu direbobi, suna gaishe shi da kunya in an haɗu a masallaci. Wata rana wani tsohon abokin hulɗarsa ya matsa masa ya ɗora buhu goma sha shida. Tayar baya ta fashe kafin su shiga Argungu, Allah Ya kiyaye motar ba ta kife ba. Hodi ya nemi wata mai taushin ya sa, ya hana a gaya wa Laure. Ba ta buƙaci a gaya mata ba. Mutumin da a kaka ba a ganinsa sai magariba, ga shi kullum a gida kafin azahar yana gyara mata matashi.

A watan da aka fara cire albasa, likita ya kira Hodi da Ummi ya gaya musu cewa maganin ya daina aiki. Abin da ya rage shi ne na rage zafi, wannan kuwa ko a gida ana iya ba ta. Hodi ya ji, ya yi godiya, amma bayan sati biyu ya sake shimfiɗa katifa ya kai ta, ya sake kai ta bayan wasu biyun. Babu wanda ya iya ce masa ya bari.

Laure ce ta ce. Wata Litinin da la'asar ta sa Ummi ta fita, ta ce masa ta ji an ce albasa ta yi kyau bana, ya kai motar wurin Maliki a mayar mata da ƙafafunta na aiki. Ya tuna mata cewa gata Alhamis ranar asibiti ce.

Ta ce, "Malam, ba ni komawa."

Ya tambaye ta ko tayoyin ne suka daina taushi, in haka ne ya san inda zai samo waɗanda suka fi su.

Ta ce, "Sun yi taushi, Allah Shi saka maka. Hanya ce na gaji da ita. Ka bar ni ɗakina, kai kuma ka koma bakin aikinka in ji ana kiranka kamar da."

Kwana huɗu motar na tsaye a ƙofar gida. Alhamis ta zo ta wuce. Ran Asabar ya naɗe katifar, ya kwance rumfar, ya tafi Argungu. Ya zauna a bencin Maliki tun hantsi bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Maliki ya leƙa bayan motar ya gan shi wayam, ya matso a hankali ya tambaya ko rai ya yi halinsa ne.

Hodi ya ce, "Tana nan. Ita ta aiko ni."

Maliki ya yaye buhun da ya rufe masu kaurin, ya kakkaɓe su, ya ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗura musu iska yadda Hodi ke so. Har aka gama babu wanda ya tsokani wani. A hanyar komawa motar tana ta tsalle, Hodi kuwa yana kauce wa kowane rami, yana tafiya a hankali, duk da babu kowa a baya.

Washegari ya shiga fadama. Labari ya bazu cewa Hodi ya dawo da cikakken lodi, kafin sati ya zagayo ana layin jiransa. Kullum ya dawo da yamma Laure takan tambaye shi kayan wa ya ɗauka, buhu nawa, ya gaya mata tana lumshe ido. Kwana ashirin da uku aka yi a haka.

Ranar da ta rasu yana Birnin Kebbi ana sauke masa albasa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Ummi ta kira shi a waya. Ya bar sauran buhunan a hannun masu sauke kaya ya juyo. Ya tarar an yi mata wanka ana jiransa. Ummi ta gaya masa cewa da safe ta tambaya ko ya fita da kaya, aka ce mata ya fita, ta ce madalla, ta juya ta fuskanci bango.

Ya yi kwana bakwai yana karɓar gaisuwa a ƙofar gida. A rana ta takwas ya duba iskar tayoyinsa ya koma fadama, domin akwai mutum uku da albasarsu ke zube a gona suna jiransa.