Ɗanwake Kafin Gaisuwar Surukai

Har gobe ban yafe ma wanda yaf fara cewa saurayi ba shi cin abinci gidan surukai ba. Ko wane ne shi, a ƙoshe yay yi wagga doka.

Shekarar da nif fara kabu-kabu a Talata Mafara, akwai wata yarinya 'yar Dakko mai zuwa cin kasuwa duk Talata. Ni ke kai ta tasha, har magana tay yi nisa. Tac ce babanta ba shi barin kowa tsayuwa ƙofar gidanshi sai ya gan shi ido da ido, kuma kallo guda ne. In ka yi mishi ka samu izinin zance, in ba ka yi ba ko sallamarka ba a sake amsawa. Anka sa mini Juma'a bayan la'asar.

Abokina da zai raka ni makanike ne, da wata uku yag girme ni amma ji shike shi yah haife ni. Yac ce can za a aje mini tuwo da nama, ƙamshi na dukana, ko kwanon ba ni da halin kallo, don haka in cika tumbina tun daga gida. Ni kuma wawa nic ce gaskiya ne. Nic ci ɗanwake kwano biyu da mai da yaji bakin tasha, nid danna ƙosai bisa, nik kora da lemun kwalba mai sanyi, munka hau mashin.

Kafin mu kai Bakura ciki ya zama ganga. Zariyar wando ta nutse cikin nama, sabuwar shaddata ta koma awa rigar ƙanena. Duk ramin da munka faɗa sai wani abu shi amsa daga ciki. Nic ce mu koma. Yac ce ƙaramin aiki ne, inji ne yas sha iska. Yas samo jar kanwa wurin mai tebur, dunƙule awa ƙwan zabuwa, yaj jiƙa a kofi yab ba ni. Kakata ma tana jiƙa kanwa, amma ɗan ɓare take sawa. Kuma ita kanwa aikinta buɗe ma iska hanya, ba ta tambayar gaban wa kake.

Munka iske baban a zaure da ƙannenshi biyu. Nid durƙusa, wato nin ninke cikin nan biyu. Ina wuni, ina gajiya, ya ruwa, ya gona, ya mutanen Mafara, ya mahaifa. Shina gamawa kawu na farko yad ɗauko daga tushe, na biyu na jiran layi. Ni ko na matse duk abin da Allah yah hore mini matsewa, zufa na ɗiga ta haɓa, ina ba da “lafiya lau” ta tsakanin haƙora. Da anka shigo da tuwo cikina yay yi wani kuka, har baban yaw waiga ko akuya ce tash shigo.

Sai ga kakar yarinyar ta leƙo, 'yar tsohuwa da sanda, wai ta zo ganin angonta. Ba fuskata tad duba ba, cikina tad duba.

“Ango, wata nawa ne?”

Kawunnai sunka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Tac ce in taso in duba mata tunkiyarta bayan gida, kwana biyu ba ta cin dusa. Ina ni ina tunkiya? Amma nib bi ta da sauri.

Babu wata tunkiya. Kofin ruwan zafi tam miƙo mini, da dakakkiyar citta da kanumfari, tam matse lemun tsami ciki. Tac ce in kurɓa sannu a hankali, kar in zauna, in yi ta zagaya rumbu.

“Nan ba kowa sai kaji, su kuma ba su kai rahoto.”

Zagaye na uku Allah yak kawo sauƙi. Kaji sunka watse.

Da nik koma zaure baban yac ce ya daɗe bai ga yaro mai kunya irina ba, wanda zufa ke karyo ma gaban manya, ko ido bai ɗagawa. Yab ba ni izini.

To kaji dai sun riƙe amana, tsohuwa ce ba ta riƙe ba. Talatar da taz zagayo, yarinyar na hawa mashin tat tambaye ni jikin tunkiya. Yau ko fetur nit tsaya saye a Dakko, sai wani ƙato shi ce tunkiyarshi ma ba ta cin dusa, ko zan leƙa? Makanike kuwa yawo shike shina faɗin jar kanwarshi ce tas samo mini mata, mutumin da saura ƙiris shi sa a kore ni da taɓarya.

Duk ranar da nij je zance, kafin ruwa ana aiko mini da kofin citta da kanumfari daga ɗakin tsohuwa, ko ciki lafiya ko ba lafiya ba. Ina harararshi, ina shanyewa. Abin haushin, shina aiki.