Igiyar Ba Ibram da Bonet ɗin Dagona

Kullum bayan sallar asuba Ba Ibram yakan buɗe rumfarsa da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Nguru, ya share ƙasa, ya jera guduma da kurfi, sannan ya duba igiyoyinsa. Igiyoyin rama ne, sun fi arba'in, rataye a jikin ƙusa. Kowace mota da ta taɓa shiga hannunsa tana da tata: ƙulli ɗaya faɗin hanci, ɗaya tsakanin ƙugiyoyi, ɗaya tsayin lagireto. Bai iya karatu ba. Mu da muka dawo daga makarantun kudu da littattafan lambobi mun sha yi wa igiyoyin nan dariya.

Shekara ashirin da shida ke nan. A wannan watan ya ajiye guduma, don idonsa ya yi rauni.

A cikin ayyukansa ɗaya ya ishe ni misali. A bazarar 1954, Kalli direba ya yi karo da raƙumi a hanyar Gashuwa. Inji bai taɓu ba, amma bonet ya nannaɗe. A rairayin wannan hanya mota ba murfin inji ba ta kwana uku. Ga damina ta matso. In ruwa ya rufe hanya, motar za ta zauna wata huɗu, kuma ita kaɗai ke ciyar da gidan Kalli.

A Sabon Gari, wurin Lanre mai sayar da tsofaffin kayan mota, aka sami bonet. Kamfani ɗaya, kala ɗaya, ko lotsawa babu. Kalli har ya sa an ɗauko. Ba Ibram ya zo da igiyar motar, ya shimfiɗa, ya sake shimfiɗawa. Faɗi ya yi, tsawo ya yi, amma ƙugiya ta gaza da yatsa biyu. Ya ce wannan na ƙanwar motar ne, wadda aka ƙera bayan yaƙin duniya.

Lanre ya ce ai waya za ta riƙe, kowa haka yake yi. Kalli ya goyi bayansa.

"Ba Ibram, yatsa biyu fa. Yatsa biyu za su hana ni cin abinci?"

"Mutum talatin kake ɗorawa a kan buhuna, Kalli. In ya tashi ya rufe maka gilashi, da wane ido za ka tuƙa su?"

Kalli ya yi kwana biyu ba ya gaishe shi. A rana ta uku tsohon ya sa igiya a aljihu, ya hau motar fataken kifi. Ya tuna wata mota sa'ar ta Kalli da ta mutu a fadama shekaru shida baya. Ya sami bonet ɗinta a Dagona, a tsakar gidan wata Hajja Zinariya, tana shanya kifi a kai. Ya auna, ƙulli ya faɗa kan ƙugiya daidai. Hajja ta ce ba ta rabuwa da shi sai an kawo mata abin shanya. Ya wuce Gashuwa ya buɗe mata wata tsohuwar gangar mai, ya daddale ta, ya kawo mata. Ya karɓi bonet ya ɗora wa motar Kalli.

Kalli ya yi sawu bakwai kafin ruwan farko. A sawu na biyar, kusa da Jajimaji, ya tarar da wata mota kwance a rairayi, fasinjoji zaune a gindin aduwa suna karkaɗe riguna. Direbanta ne ya sayi bonet ɗin Lanre ya ɗaure da waya. Gargada ta tsinke wayar, bonet ya tashi ya rufe gilashi. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Kalli ya ce ya daɗe riƙe da sitiyari kafin ya sauko.

Ba Ibram, kai ne ka yarda a yi fushi da kai a kan yatsa biyu. Kai ne maƙerin da bai taɓa cewa "zai yi" ba sai ya auna. Mutanen da ka tsare ba su san sunanka ba, sun dai isa gida. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar ido da hutu mai albarka.

Masu gyara na yanzu, ga tef, ga littafi, ba ku da uzuri. Kafin ku ce wa mai mota ya saya, ku je ku auna.

Motar Kalli tana kan hanya har yau. In inji ya yi zafi, gaba ɗaya sai ta ɗau ƙaurin kifi. Fasinja sukan yi ƙorafi. Kalli bai taɓa yarda an wanke ba.