Ranar da na rasa abokin cin tuwo a filin lilo

Ɗazu na tarar da jikana ya kulle ɗaki yana cin taliya shi kaɗai. Na ce a rubuta mini wannan.

Lokacin ana kashe sulalla, na hau motar katako daga Birnin Gwari, muka ratsa daji har Kaduna, don in ga lilon ƙarfe da ake ta labari. Na gani, na hau, jiri ya kwashe ni. Sai yunwa.

Rumfunan abinci ga su a jere, amma ko'ina kowa da farantinsa da cokalinsa, ba mai kallon wani. Ni kuwa a ƙauyenmu Kutemeshi ban taɓa sa hannu a akushi ni kaɗai ba. Marowaci ke yin haka. Na yi ta zagaye, cikina na kuka.

Wata mai tuwo, Bagwariya, ta ce, "Baƙo, kana ta kewaya kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Kuɗi ne babu?"

Na ce, "Iya, kuɗi akwai. Abokin ci ne babu."

Ta yi dariya, ta waiwaya bayan rumfa. "Baban Ladi! Ajiye itacen nan ka wanke hannu, ga mutumin gida zai mutu da yunwa!"

Mijinta ya zauna, ya yi addu'arsa, na yi bismillata. Sai a lomar farko na ji numfashina ya dawo.

Har gobe ba na ci ni kaɗai. Ku fa, da wa kuka ci yau?