Shanun da Na Kiwata wa Babana da Baki

Ni ce auta a gidanmu da ke unguwar Adjamé Saint-Michel a Abidjan. A lokacin da abin nan ya faru aurena ya mutu, na dawo gida ina sayar da atamfa, ina kuma jinyar mahaifinmu da idanunsa suka tafi. Yayyena maza biyu suna Treichville, suna harkar fito da kaya a tashar jiragen ruwa, sai ranar Juma'a suke leƙo mu da turarensu da gaggawarsu.

Muna da garken shanu a ƙauyenmu na ƙasar Adar, a Nijar. Kakan Baba ya fara shi da jar saniya guda. Kakanmu ya riƙe shi har a shekarun fari, lokacin da mutane ke zubar da dabbobinsu a kasuwa. Baba ya zo Abidjan yana saurayi da fataucin bijimai, amma bai taɓa sayar da mace ba. Duk ɗan da aka haifa a zuri'armu, ranar suna Baba zai miƙe ya ba shi karsana a gaban jama'a, ya jero uwarta da uwar uwarta har ya kai ga jar saniyar nan. Mu da aka haifa a nan ba mu ko iya tatsa ba, amma kowa ya san tasa.

Da Baba ya makance, yayyena suka kwashe garken kaf suka sayar, suka sallami makiyayi, suka sayi kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya. Sai da komai ya wuce suka gaya mini. Da na fashe da kuka, babban yayanmu ya ce in daina santima, wato raunin zuciya, zamani ya canza, shanu ba sa ɗaukar kwantena. Ya ce zuciyar tsoho ba za ta ɗauki labarin ba, kuma tunda ni ce a kusa da shi, ni zan lallaɓa shi. Na yarda, don na ɗauka tausayi ne.

Kullum bayan ya sha koko Baba zai tambaye ni abin da makiyayi ya ce a waya. Da farko lafiya kawai nake cewa. Amma mutumin da ya tashi cikin shanu lafiya ba ta isarsa, sai ya ji wacce ta haihu, wacce ke ɗingishi, ko ciyawa ta fito. Haka na fara haifa masa maruƙa da bakina. Na ƙirƙiro wata karsana mai farin goshi, na ce mafaɗaciya ce, ba ta yarda da kowa. Ya yi ta dariya har da tari, ya ce halin kakarta ta ɗauko. Shekaru muka yi a haka, ni ina dafa ƙarya da safe, yayyena suna ƙara motoci.

Ranar sunan ɗan babban yayanmu a Treichville, an cika rumfa da manyan 'yan kasuwa. Baba ya dafa kafaɗar wani ya miƙe, ya ce ya ba jariri karsanar nan mai farin goshi, ya jero asalinta tiryan-tiryan, jama'a na cewa masha Allah. Sai wani dattijo ɗan ƙauyenmu da ya zo neman magani, cikin rashin sani, ya tambaya ko Alhaji ya sake haɗa wani garken ne, domin shi da idonsa ya ga an loda na farkon a motoci tun tuni, wurin kiwon ma gero ake nomawa yanzu. Baba ya lalubi kujerarsa ya zauna, ya ce a ci gaba da addu'a.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, da yayyena suka durƙusa a gabansa washegari, ya yafe musu nan take. Ya ce dukiya ce, dama tafiya take yi. Ni kuwa ya kira ni ya ce su shanu suka sayar, amma ni na zauna kusa da shi kowace safiya ina kallonsa yana murna da iska, na kuma bar shi ya tashi a gaban mutane ya yi kyautar abin da babu. Ya ce makanta ba ta taɓa sa ya ji shi makaho ne ba sai ranar. Daga nan bai ƙara cin abinci daga hannuna ba. Ya sa aka mai da shi Treichville, gidan wanda ya sayar da shanun, can ya rasu. Na je sau da yawa, in na gaishe shi ya amsa, daga nan ba ƙari.

Ba zan ce ba ni da laifi ba, amma har gobe ina jin zafin yadda masu aikin suka fita tas, ni da aka ɗora wa rufin asiri na kwashi fushin uba. 'Yan'uwana mata, in maza suka yi ɓarna suka ce ku lallaɓa tsoho, ku ce su je su faɗa da bakinsu. Da na gaya wa Baba gaskiya, da ya yi kuka ya gama muna tare. Yanzu yayyena suna da kamiyonsu, ni kuma ban san ko ya yafe mini ba.