Kuramoto, Mai Rufa wa Murya Asiri

Da la'asar Baba Kuramoto ke gangarowa daga unguwarsu ta kan tudu a birnin Hakodate na ƙasar Japan, hannuwa cikin aljihu ko da zafi ake yi. Ya shiga ɗan gidan waƙa na Jar Fitila, ya ɗumama yatsu a jikin kofin koren shayi, sannan ya buɗe fiyano. Haka yake tun gashinsa na baƙi. Ba a taɓa rubuta sunansa a ƙofa ba, na mawaƙiya ake rubutawa.

Mawaƙiyar ita ce Tokiko, mai waƙoƙin begen nan masu nauyi, na masoyin da ya tafi bai waiwayo ba. Allah sarki, zamani! A da in ta jingina da fiyano cikin baƙar doguwar rigarta ta ja murya sama, sai ka ga ƙattin masunta suna murza ido, wai hayaƙin taba ne.

To, murya ma tana tsufa. Kuramoto ne ya fara jin ta Tokiko ta daina kaiwa inda take kaiwa, kuma ya san matar: ranar da ta ji kunya a gaban jama'a, ranar za ta bar waƙa. Sai ya riƙa sauko da kiɗan ƙasa, bana kaɗan, baɗi kaɗan, daidai inda muryar za ta iya. Ita kanta ba ta lura ba.

Asirin ya tonu ne da ciwo ya kwantar da shi. Sawako, ɗaya daga matasan da ke farfaɗo da irin waɗannan waƙoƙi da nasu salon, ta zauna a kujerarsa don taimako, ta kaɗa waƙar yadda ta ji ta a tsohon faifai. Baiwar Allah, ina ta sani? Muryar Tokiko ta tashi, ta karye a tsakiya. Tokiko ta sauka daga dandali ta ce ita da waƙa sai a lahira.

Washegari ta same shi a asibiti, da ƙullin lemo a hannu da fushi a fuska.

"Tsohon banza, ashe shekara da shekaru wayo kake yi min?"

"Ni? Bin ki kawai nake yi, Tokiko. Kin sauka, na sauka."

"Ka mai da ni abar tausayi."

"Haba! Da can yarinya ce ke waƙar rabuwa ba ta san rabuwa ba. Yanzu ne muryar ta san abin da take faɗa. Ɓare min lemon nan, ki daina cika min kunne."

Ta ɓare, tana zaginsa tana hawaye. Da aka sallame shi, tare suka koma bakin aiki, matasa kuma suka fara cika wurin don jin wannan murya mai kauri.

Kai ne, Baba Kuramoto, mai tafiya a bayan murya don kada ta faɗi. Wasu sun sha tafi, kai ka sha zama a duhu, ba a taɓa jin ka yi ƙorafi ba.

Lahadin da ta wuce ya yi kiɗansa na ƙarshe, don yatsun sun fara rawa. A tsakiyar waƙa suka gaza masa, kiɗan ya soma jan ƙafa. Waɗanda suka san waƙar gabansu ya faɗi. Tokiko ko juyowa ba ta yi ba. Ta ja numfashi, ta sassauta, ta riƙa jiransa kalma bayan kalma, kamar dama haka aka tsara waƙar. Suka sauke ta tare.

Yana rufe fiyano ya ce mata, "Yau kin yi nawa."

Ta ce, "Ka sauka, na sauka."

Mun gode, Baba. Mu kuma, duk wanda ya ji muryar na kusa da shi ta fara gazawa, kada ya tsaya kallo. Ya sauko ya same shi, kuma ya yi shiru da bakinsa.