Maharazu da Rijiyar Cikin Waya

Duk wanda ya sha ruwa a ƙauyukan Sandamu shekaru talatin da suka wuce, da wuya bai sha gumin Maharazu maginin rijiya ba. Gajere ne, kai ka ce don ramin aka halitto shi. Yakan tsaya a fili, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya shinshina, ya ce, "Nan akwai, gaba goma sha biyu." In ya ce akwai, to akwai. Gonarsa ba ta kai shimfiɗar tabarma uku ba, wannan kalmar ce duk dukiyarsa.

Da motocin burtsatse suka shigo, sai dagi da diga suka koma bayan ɗaki suna tsatsa. Ana nan Ɗantsoho mai cajin waya ya tare shi.

"Baba Maharazu, an dawo da sana'arka, amma yanzu a waya ake haƙa. Mainin sunanta. Ka dinga danna hoton raƙumin nan da ke fuskar wayar, maki na taruwa. Ranar da ta fashe, kuɗi ne."

Kalmar haƙa ce ta kayar da tsoho. Mutumin da ya fasa dutse da hannu, ga shi a gindin darbejiya yana tsokanar raƙumi da ɗan yatsa.

Matarsa Hadiyya, wadda bakinta bai san hutu ba, ta leƙa wayar.

"Malam, rijiyar wa kake ginawa?"

"Ta kamfani ce."

"Ina mai ita?"

"Ba ya nuna fuska."

"To wa zai sayi ruwan?"

Ya ce mata ta je ta duba tukunya.

Wani abin kuma, raƙumin ba ya ƙoshi da danni. Kullum da sabon aiki: kalli bidiyo, bi shafi, kawo mutum goma a ninka maka. Maharazu ya bi gida gida. Mutane ba su san kirifto, kuɗin intanet, ba, amma sun san shi. Tela ya shiga, ladan ya shiga. Har ƙanwarsa Siddiƙa mai ƙosai ta tsaya aka ɗauki hoton fuskarta da katin ɗan ƙasa, wai tantancewa.

"Yaya, akwai?" ta tambaye shi.

Bai murza komai ba, bai shinshina komai ba. Ya ce, "Akwai."

Aka ce za ta fashe bayan ƙaramar Sallah. Aka ɗaga zuwa babba. Aka ce sai an girbe gero. Ranar da saƙo ya zo cewa kowa ya tura kuɗin buɗe asusu kafin ya ciri rabonsa, Maharazu ya kife wayar. Shekara talatin a rami, bai taɓa ganin rijiyar da sai an zuba mata ruwa kafin a jefa guga ba. Ya zaga yana cewa kada a tura. Waɗansu sun riga sun tura, sauran suka ce so yake ya ci shi kaɗai. Mako biyu, raƙumi ya ɓace, shafin ya rufe.

Siddiƙa ta zo da wayarta a ƙulle a gefen zane.

"Yaya, kuɗin na yafe. Ka ciro mini fuskata da katina."

Ya juya wayar gaba da baya. Ya sha ciro akuya daga rijiya, ya ciro guga ba adadi. Wannan ramin ba shi da bakin da za a ɗaura igiya.

Da rani ya yi, rijiyar burtsatsen unguwa ta lalace, aka yanke a gina rijiya kusa da masallaci. Maharazu ya zo ba a kira shi ba. Ya tsuguna gabas da wata bishiyar kuka, ya murza ƙasa, danshin ya taɓa masa hanci.

"Nan akwai. Gaba tara."

Tela ya ce, "Allah ya ja kwana, Baba, yaushe za ta fashe?"

Aka kwashe da dariya, har ladan. Suka kai magina yamma da masallaci, inda Maharazu ya san dutse ne shimfiɗe tun zamanin ubansa. Ya zauna da ƙasar a hannu, yana jin diga tana sara, yana jiran ƙarar da ya san za ta yi a gaba na huɗu.